Ba Sai Zaninki Ya Bushe Ba

Daga Gadarif, a ƙasar Sudan, wasiƙar wannan makon ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Mama, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Mahaifina Bahaushe ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Kano da niyyar aikin hajji, suka zauna a Jazira. Mahaifiyata 'yar Nuba ce, Kirista, kuma hanyarta na bi bayan rasuwar Baba. A Madani aka haife ni, a can na yi aure. Da garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disambar 2023 ina da tsohon ciki. Naƙuda ta kama ni a hanyar gudu, na yi kwanaki a kanta ba asibiti, ɗan ya zo ba rai. Tun daga nan fitsari ba ya tsaya mini. Mijina ya ce zai je Port Sudan neman aiki, har yau ko waya. Gwaggona, ƙanwar Baba, Musulma, ita ta ba ni rumfa a bayan gidanta. Wasu dangin Baba suna cewa alhakin barin addinin uba ne ya kama ni. A coci kuma, ranar da na shiga, matar da ke kusa da ni ta toshe hanci, ta ja 'yarta suka canja benci. Yanzu daga waje nake tsayawa a bakin taga, in gudu kafin a tashi. Ban ƙara cin Jibin Ubangiji ba. Fasto yakan ce alherin Allah yana sāke waɗanda aka yasar, yana kawo labarin matar nan mai zubar jini. Ita ta taɓa ta warke. Ni na yi azumi, na yi kuka, har yanzu a jiƙe nake. Mama, alherin ya tsallake ni ne? In jira sai na warke kafin in koma cikin mutane?"

'Yata,

Kafin in taɓa tambayarki, ina yi miki gaisuwar ɗanki. A layi ɗaya kika ambace shi kika wuce, kuma na san ba wanda ya shimfiɗa miki tabarmar makoki a lokacin, kowa na ta kansa. Ɗa ne, wata tara kika ɗauke shi, kin ji motsinsa. Ki yi kukansa yadda ranki yake so. Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Amsar tambayarki ta biyu gajeriya ce: kada ki jira. Ta farkon ce za ta ɗauke mu lokaci.

Mu fara kawar da maganar alhaki, domin muddin tana zaune a zuciyarki, duk abin da zan faɗa ba zai samu wurin zama ba. Abin da ya same ki yoyon fitsari ne, kuma an san abin da ke kawo shi sarai. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya kasa wucewa, yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Ta wannan kafar fitsarin yake bi, shi ya sa ba ki da ikon riƙe shi. Da an samu likita ya ciro ɗan ta tiyata a kan lokaci, da hakan bai faru ba. Yaƙi ne ya raba ki da asibiti. Dubban matan da ke fama da wannan lalura a Kano da Katsina da Damagaram da Darfur, yawancinsu Musulmi ne masu salla da azumi, ba su bar addinin kowa ba. Wasu kuma Kirista ne da ba su taɓa fashin sujada ba. Da almajirai suka ga makahon nan na Yahaya sura 9 suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Ba na so ki ɗauki wannan ki je musu da dangin Babanki. Rashin sanin ciwon ne yake sa su faɗin haka, kuma irin wannan rashin sanin yana nan a bencin coci ma.

Yanzu ga matar da fastonku yake wa'azi a kanta. Ki buɗe Markus sura 5 daga aya 25, ki karanta a hankali, domin sau da yawa a tsakiyar labarin ake tsayawa. Shekara 12 tana zubar da jini. Bisa ga Littafin Firistoci sura 15, duk gadon da ta kwanta a kai da duk abin da ta zauna a kai ya ƙazantu, wanda ya taɓa su ma ya ƙazantu har yamma. Kin ga ke nan ita ma ta san yadda ake janye yara daga kusa da mutum. Ta ƙarar da abin hannunta a wurin masu magani, ciwon sai gaba yake yi. Shi ya sa ta ɓullo ta baya. Niyyarta ta taɓa rigarsa ta sulale ba wanda ya sani. Ta kuwa samu abin da ta zo nema, nan take jinin ya tsaya. Da waraka kaɗai ce manufar, da labarin ya ƙare a aya 29.

Amma Yesu ya tsaya. Ki tuna inda za shi: gidan Yayirus, shugaban majami'a, babban mutum, 'yarsa tana bakin mutuwa, uban duk ya ƙagara. A cikin wannan gaggawa ya tsayar da taron yana tambaya wa ya taɓa shi, har almajiransa suka ga tambayar ba ta da kan gado a irin wannan turereniya. Matar ta fito tana rawar jiki, ta faɗi a gabansa, ta gaya masa gaskiya duka. Me ya sa bai bar ta ta tafi da asirinta a rufe ba? Abin da na gani shi ne, da ta sulale, da ta koma gida a bushe amma tana ganin kanta ɓarauniya, wadda ta ɗauki abin da ba a ba ta ba. Mutanen gari kuma za su ci gaba da kauce mata, tunda ba wanda ya shaida komai. Sai ya kira ta 'yarsa a kunnen kowa. Yarinyar Yayirus tana da uba mai faɗa a ji, wanda ya zo ya durƙusa dominta. Wannan matar ba ta da kowa, sai Yesu ya tsaya mata a matsayin uba, ya kuma sa babban mutumin ya jira har ya gama da ita.

Za ki ce mini, Mama, ai ita sai da ta warke aka kira ta 'ya. Gaskiyarki. To koma baya zuwa Markus 1:41. Kuturu ya zo ya durƙusa. Yesu ya warkar da bawan jarumin Roma daga nesa, da magana kawai, kuma ba abin da zai hana shi yin haka a nan. Amma ya miƙa hannu ya taɓa mutumin tukuna, da kuturtarsa a jiki, sannan ya ce masa ya tsarkaka.

Wanda na fi so ki riƙe kuwa, mutumin ƙasarku ne. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai wani mutumin Habasha, ma'ajin sarauniya Kandakatu. A wancan zamanin ƙasar da ke kudu da Masar ita ake kira Habasha, masarautar da sarauniyoyinta ke ɗauke da wannan laƙabi kuwa ita ce Meroe, wadda gine-ginen dalarta suke tsaye har yau a Bajarawiya, arewa da Shandi. Laƙabin nan ne matasa suka riƙa kiran matan da suka fito zanga-zanga da shi a Khartoum a 2019. Mutumin bābā ne, an dandaƙe shi. Ya yi doguwar tafiya zuwa Urushalima don ya yi sujada, alhali Maimaitawar Shari'a 23:1 ta hana irinsa shiga taron jama'ar Ubangiji. Da dukiyarsa da keken dokinsa da muƙaminsa, akwai iyakar da ba zai ƙetare ba. Shi ma ɗan bakin taga ne. A hanyar komawa yana karanta Ishaya sura 53, labarin wanda aka ƙasƙantar, aka hana shi adalci, aka datse ransa. Ya tambayi Filibus, annabin da kansa yake ko da wani? Filibus ya fara daga wannan nassi ya yi masa bisharar Yesu. Da suka iso wurin ruwa, ki ji yadda ya jera tambayarsa: me zai hana a yi mini baftisma? Sai wanda ya saba a hana shi yake tambaya haka. Ba abin da ya hana. Suka gangara cikin ruwan su biyu.

Ya fito daga ruwan yana bābā kamar yadda ya shiga. Ba a mayar masa da abin da aka raba shi da shi ba. Duk da haka Luka ya ce ya ci gaba da tafiyarsa yana murna. Idan kuma ya ci gaba da karatun littafin da ke hannunsa, sura uku a gaba zai tarar da Ishaya 56, inda Allah ya ce kada bābā ya kira kansa busasshen itace, domin zai ba shi wuri da suna a cikin gidansa, a cikin garunsa, suna da ya fi na 'ya'ya maza da mata.

Saboda haka alherin bai tsallake ki ba, 'yata. A wurin da ba ya nan kike nemansa. Kina duba zani kowace safiya ki ga ko Allah ya karɓe ki, alhali karɓar ta riga ta tabbata a kan gicciye. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Idan zunubi, wanda laifinmu ne, bai sa ya jira mu gyaru ba, ciwon da ba laifinki ba ne zai sa ya jira? Ibraniyawa 13:12 kuma ta ce a bayan ƙofar gari ya sha wuya, yadda ake fitar da gawar dabbobin hadaya a ƙone a bayan zango. Wajen nan da kike tsayawa, ya riga ki sanin sa.

Sākewar da alheri yake yi wa wanda aka yasar, a ganina, daga nan take farawa: mutum ya daina auna kansa da idon waɗanda suka yasar da shi. Ba kuma dare ɗaya take kammaluwa ba. Ko ke ba 'yar Katolika ba ce, ya kamata ki san labarin Josephine Bakhita. A Darfur aka haife ta wajen 1869, aka sace ta tana ƙarama, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka sa mata. A gidan wani hafsan sojan Turkiyya a El Obeid aka yi mata tsaga 114 a jiki, aka shafa gishiri a ciki. Ƙaramin jakadan Italiya ya saye ta a Khartoum a 1883, aka tafi da ita Italiya a 1885. A Nuwambar 1889 kotu ta tabbatar ita ba baiwar kowa ba ce, bayan ta ƙi bin uwargijiyarta, a ranar 9 ga Janairu 1890 kuma aka yi mata baftisma a Venis. Ta rayu har 1947, yawancin shekarun a garin Schio, tana dafa abinci, tana tsaron ƙofar gidan sistoci, ita ke buɗe wa yara da matalauta. Tabon nan 114 da su aka binne ta. Abin da ya sāke shi ne, yarinyar da ba ta taɓa iya cewa a'a ba ta tsaya gaban manya ta ce ba za ta tafi ba, domin ta gane tana da Ubangiji wanda ya fi duk iyayen gijin da ta yi, kuma yana ƙaunarta. A shekarar 2000 aka sa ta cikin tsarkaka.

Kada ki fahimce ni kamar ina cewa ki rungumi ciwon ki zauna. Ko kaɗan. Yawancin masu yoyon fitsari suna warkewa da tiyata, musamman idan gwani ne ya yi aikin farko, don haka kada ki yarda wanda ba fanninsa ba ne ya gwada hannunsa a kanki. A Katsina, asibitin Babbar Ruga da a dā na kutare ne, nan wani likitan Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata a shekarun 1980, ya yi wa dubbai. A Addis Ababa, Catherine Hamlin da mijinta Reginald sun buɗe asibiti don wannan ciwo kaɗai a 1974, kyauta ake yi. A Sudan ma tun kafin yaƙi akwai cibiyar Dakta Abbo a Khartoum. Ki je sashen mata na asibitin Gadarif, ki gaya wa ungozoma ko likita abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, ki tambaya inda ake yin aikin yanzu, ki kuma tambayi ma'aikatan UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ɗauki yaƙi da wannan ciwo tun 2003. Idan ƙafarki tana ja tun bayan naƙudar, ki faɗa musu, tare suke zuwa wani lokaci. Bayan aikin za a bar miki robar fitsari wajen mako 2, za a hana ki kusantar namiji na wasu watanni, duk haihuwar da za ta biyo baya kuma a asibiti za ki yi ta, ta tiyata.

Kafin nan, na san kin rage shan ruwa don yoyon ya ragu. Kusan kowace mai wannan lalura haka take yi, kuma shi ne yake ƙara wahalar: fitsarin ya yi kauri, warin ya ƙaru, fata ta saɓule, har tsakuwa ta iya fitowa a mafitsara. Ki sha ruwa da yawa. Ki yi ƙunzugu da tsumman auduga mai laushi, ki wanke da sabulu ki shanya a rana, ki shafa basilin a cinya. Kada ki bari a cusa miki saiwa ko a yi miki yankan gishiri. Duk kuma wanda ya ce ki kawo kuɗi ya ba ki mai ko ruwan addu'a don ki bushe kafin Lahadi, ki tashi daga gabansa. Ki yi addu'ar waraka, ni ma ina yi miki, kuma hannun likita yana cikin hanyoyin da Allah yake amsa ta.

Jibin Ubangiji kuwa, ki koma ki ci. Gargaɗin Bulus a 1 Korantiyawa 11 kan cin da bai cancanta ba, ba maganar tsabtar jiki yake yi ba. A Koranti masu hali ne suke rigan ci su ƙoshi, matalauta su tashi da yunwa, shi ne ya tambaye su ko raina ikilisiyar Allah suke yi da suke kunyata waɗanda ba su da komai. In akwai wadda ya kamata ta binciki kanta kafin ta miƙa hannu ga gurasar nan, ba ke ba ce.

Ba zan ce miki warin ba ya nan ba, kin fi ni sani. Ba kuma zan zagi matar da ta canja benci ba, wataƙila ba ta san abin da ke damunki ba. Ga abin da za ki yi. A tsakiyar mako ki je gidan shugabar zumuntar mata, ke da ita kaɗai, ki gaya mata sunan ciwon da yadda ya same ki, ki roƙe ta ta zauna kusa da ke ranar Lahadi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma idan babba ta zauna, ƙanana sukan daina tashi. Ki zaɓi ƙarshen benci ta wajen ƙofa don ki iya fita ki canja, ki tafi da abin shimfiɗarki, ki sa humrarki kamar kowace mace. Idan bayan haka har yanzu ana gudunki, a kai maganar gaban fasto da dattawa. Idan su ma suka kau da kai, Gadarif ba coci ɗaya ke cikinta ba.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke cikin wannan ikilisiya, in wannan ta iso gare ku: da yawanku gudun hijira ne ya kawo ku, da yawanku kun san ɗacin a kira ku da sunan wulaƙanci saboda fatarku ko dutsen da kuka fito. Akwai 'yar'uwarku a bakin taga kowace Lahadi, kuna ganin inuwarta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wani ya tashi ya fita ya shigo da ita, kuma ku haɗa mata kuɗin mota zuwa inda za a yi mata aiki.

Gwaggonki ta ba ni sha'awa ƙwarai. Addininku ba ɗaya ba, dangi suna surutu, ta ce 'yar wanta ba za ta kwana a titi ba. Hausawan Sudan sun san tsayuwar waje. Fiye da shekara 100 tun da mutanen Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka iso bayan yaƙin Burmi na 1903, har yanzu akan tambayi jikokinsu daga ina suka zo, kin kuma san rikicin da ya rutsa da Hausawa a jihar Blue Nile a Yulin 2022. Wataƙila shi ya sa ba ta iya rufe miki ƙofa ba. Kina tambaya ina alherin yake, ga shi ya riga ya iso ta hannunta. Ki girmama ta, ki taya ta aiki gwargwadon ƙarfinki, ki roƙe ta ta raka ki asibiti.

Mijinki ya yi laifi, kada kowa ya sa ki ce bai yi ba. Dattawan ikilisiya su nemi danginsa, su tuna masa alkawarin da ya ɗauka a gaban Allah. Gafara za ta zo, ina kuma so ta zo don kada ɗaci ya cinye ki, amma ba zan sa miki rana ba.

Akwai abu ɗaya da nake hangowa, ko da yake ba na ɗora miki shi yanzu. A makarantun da aka zuba 'yan gudun hijira, da cikin unguwannin Hausawa, akwai matan da suka haihu a hanya kamar ke. Ba wanda zai gane su da sauri irinki: wadda take zama nesa da tabarma, wadda turarenta ya yi yawa, wadda aka miƙa mata ruwa ta ƙi. Wasunsu kunya ba za ta bar su su yi wa likita bayani da Larabci ba, ke kuwa kina da Hausa kina da Larabci. Mutumin nan da Yesu ya fitar daga makabarta, a farkon wannan sura ta Markus 5, ya roƙa ya bi shi cikin jirgi, Yesu ya ce a'a, ya koma gida wurin mutanensa ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa. Ba sai an gama ɗinke ki za ki iya ce wa wata, ciwon nan yana da suna, yana da magani, zo mu je tare.

Idan wani dare baƙin ciki ya kai ki ga tunanin raba kanki da duniya, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki tashi Gwaggo a daren ki gaya mata, da safe kuma a sanar da likita. Ki sake rubuto mini bayan kin ga ungozoma, ki gaya mini inda suka tura ki da abin da tafiyar za ta ci, domin akwai masu karanta wannan shafi da za su so su sa hannu. Ki gaishe mini da Gwaggo da kyau.

Mamanki cikin Almasihu